Azumin da Kiyashi Suka Bi Ni

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Abidjan na gab da saukar ruwa, wanda ba ya ƙona mutum, dafa shi yake yi a hankali. Ka yi wanka, kafin ka zura riga ka sake jiƙewa. Jiya da la'asar na fito tsakar gida na tarar da samarin gidanmu sun baje ƙarƙashin fanka, kowa da waya a hannu. Wannan ya ce "fatige", wancan ya ce "fatige", wato gajiya a Faransanci. Hausar ma ta gaji a bakinsu, ta ƙi fitowa. Na ce ku tashi ku ba gajiya wuri, ba ku taɓa haɗuwa da ita ba. Suka yi dariya, suka ce tsoho ya fara. To na fara ɗin. Tunda ba za su saurara ba, bari in rubuta. Aji uku na yi a lakwal kafin malamin ya ce ko ni ko shi, ya kamata ajin nan uku su yi wani amfani kafin in mutu.

Masu lissafi sun ce azumi yakan zagaya shekara ya komo inda ya baro bayan shekara talatin da wani abu. Gaskiyarsu, don wancan azumin da zan ba da labari a irin wannan zafin ya same mu.

Lokacin ina dako a magazar Alhaji Mamman, wato rumbun ajiyar kayansa, a Treichville, bayan tashar jiragen ruwa. Shinkafa yake shigowa da ita. Sunana Hamisu, amma a bakin por, wato tashar jiragen, ba wanda ya san wannan suna, Kamiyo suke ce mini, wato babbar mota, saboda buhu biyu nake ɗauka in hau katako ina tsokanar na bayana. Ba yabon kai ba ne. Waɗanda za su ƙaryata ni duk sun rasu.

Muna zaune a Adjamé, gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Ni da matata Ramatu da 'yarmu ta fari, Balki, wadda a lokacin ba ta fara zama ba. Ramatu ba ta kiran sunanta, kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "yarinyar nan". Mai gidan wata tsohuwar Bajula ce, Ma Fanta, wadda ke mulkin tsakar gidan daga kan kujera 'yar tsugunno. Shekarar ta zo da matsi. Jirage sun yi ƙaranci, aiki yau akwai gobe babu, ruwan famfo sai ya ga dama, kuma ƙanƙarar shan ruwa sai ka bi layi a gidan mai firiji, a fasa maka ɗan guntu ka nannaɗe a tsumma ka sheƙo gida da gudu kafin ya zama labari.

Ga yadda ranarmu take. Ramatu ta ɗumama tuwon jiya ko ta turara aceke, dambun rogon nan na mutanen garin, mu yi sahur. In yi asuba a masallacin unguwa, in bi bas ta Indénié mu haye gada, warin lagun, ruwan da ya ratsa garin, yana shigowa ta taga kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A magaza mu 'yan dako mun yi shawara tun farkon wata: a fara da duku-duku, a jeru daga gindin mota har cikin rumbu, a gama babban aiki kafin rana ta miƙe. Waɗanda ba sa azumi, Mosawa Kiristoci da wasu 'yan kudu, su suke karɓar aikin azahar, mu kuma mu rama musu ranar Lahadi. Ba wanda ya rubuta wannan doka, haka aka tarar.

Tun kafin a ga wata na fara jin jikina ba daidai ba. Ba ciwo ba ne da za ka nuna da yatsa. Kawai ƙarfin ne yake tsiyayewa, kamar buhun da ɓera ya huda ta gindi. Buhu biyu suka koma ɗaya. Ɗayan ma sai na tsaya a tsakiyar katako na yi numfashi. Ga ƙishirwa. Kowa yana jin ƙishirwa da azumi, na sani, amma tawa daban ce. Kafin hantsi harshena ya zama kamar tsohon takalmi. Da an sha ruwa sai in kafa kai a bokiti, in sha in sha, cikina ya cika ya yi tauri, bakina bai san an yi ba. Abin da na sha kuma ba ya kwana a jikina, hanyar makewayi na fi kowa saninta a gidan. Ina ci kamar mutum biyu, wandona yana faɗuwa. Na ƙara wa ɗamara huda, na sake ƙarawa. Ido ya fara hazo, lambar bas sai ta zo gabana nake ganinta. Wani ƙurji ya fito mini a ƙafa ya ƙi warkewa.

Yanzu yaro zai ce, to me ya hana ka zuwa likita? Yaro bai san shekarun nan ba.

A ɗakin da ke manne da namu akwai wani direba, Sule, mutumin kirki, mai yawan dariya. Shi ma da "na gaji" ya fara. Sannan rama, sannan ƙuraje, sannan zawo. Aka kai shi babban asibiti, aka ɗebi jininsa, daga ranar ba wanda ya ƙara kallon idonsa. Wata biyu kafin azumi muka kai shi makwanci, kuma ni na kama makarar ta gaba, na rantse da Allah kamar babu kowa a ciki. Aka zo aka kwashe matarsa zuwa gida. Ɗakin ya zauna a rufe, duk tsadar ɗaki a Adjamé ba wanda ya taya. Butarsa ma a bola aka jefa. Rediyo kullum yana faɗin sunan ciwon, Sida, Sida, wato ƙanjamau, amma a tsakar gidanmu ba a kiransa. Sai dai a ce "abin nan". Rediyon ya ce yana bin jini, yana bin aure, yana bi daga uwa zuwa ɗa. Kuma ni da Sule wanzami ɗaya ke yi mana aski, aska ɗaya, wani lokaci ma jininsa bai bushe a kanta ba.

To ka ga mutum yana rama a ɗakin da ke jikin na Sule. Me za ka ce?

Ba wanda ya ce komai. Ma Fanta ce kaɗai ta kira ni wata la'asar, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ta leƙa kamar mai sayen rago.

"Amisu," ta ce, don bakinta ba ya ɗaukar farkon sunana, "ba ka da jini. Shi ke nan ciwonka. Kowa ya ji, jini ne ba shi da shi!"

Da ƙarfi ta faɗa, don 'yan ɗakuna su ji. Na gane tana rufa mini asiri ne, kuma har gobe ina yi mata addu'a.

Maganin ƙarin jini kuwa duk Adjamé an san shi. A samo baƙin lemon malt na kwalba, a juye gwangwanin tumatir a ciki, a bi shi da madarar gwangwani mai kaurin nan mai zaƙi, a kaɗa har ya yi kalar jini. Tunda ya yi kama da jini, ai jini zai zama. Wannan ilimi ne mai zurfi, kada wanda ya raina shi. Ma Fanta ta raba wa gidan aiki: yau ɗakin wane ne zai haɗa wa Amisu, gobe ɗakin wance. A shekarar da mutane ke auna mai da cokali, ba ɗakin da ya taɓa fashi. Tanti Akisi, Kirista ce mai sayar da aloko, soyayyar ayaba, a bakin titi, ita nata zoɓo ne, bisap, da sukari har cokali ya tsaya a ciki. Alhaji Mamman ya aiko da dabino da kwalbar zuma.

Sai dai na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya kawo, ba ya miƙo mini kofinsa. Sai ya ce kawo naka, ya tsiyayo daga sama, kada baki ya taɓa baki. "Yako, Kamiyo," su ce, wato sannu. Suna sona, suna tsorona, duk a tsiyaye ɗaya.

Ni kuwa in shanye tas. Kuma kullum gobe ta fi yau muni.

Sai kiyashi suka shigo maganar. A bayan magaza akwai wani lungu jikin katanga inda 'yan dako ke tsugunawa. Wata rana na koma wurin na tarar da inda na yi fitsari ya yi baƙi ƙirin da kiyashi. Na duba na sauran mutane, ko ɗaya babu. Na canza wuri. Suka bi ni. A gida ma na ga layinsu ya taso daga gindin katanga ya nufi inda na tsuguna, a jere, cikin natsuwa, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Na tsaya ina kallonsu. Na ce a raina, Hamisu, 'yan ƙasa sun ji ƙanshinka. Waɗannan su ne za su ci ka a kabari, sun gaji da jira, sun zo ɗanɗano. Ban gaya wa kowa ba. Na riƙa bin wurin da ruwa a buta ina wankewa kamar mai ɓoye sata.

Wajen tsakiyar wata na faɗi. Ina kan katako da buhu, sai na ga rumbun ya juya, na farka a ƙasa, shinkafa a bakina, wani Bamoshe yana yi mini fifita da kwali. Alhaji Mamman ya sa aka kai ni ofis.

"Kamiyo, ga dispansar can, ɗan asibitin bayan kasuwa. Tashi ka je."

"Alhaji, ai jini za su ɗiba."

"Sai me?"

"Ɗibar jini tana karya azumi. Kuma da safe kawai suke ɗiba. Bari dai a yi sallah."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wane malami ya ba ka wannan fatawa?"

"Na ji dai ana faɗa."

"Ni ban ji ba, kuma na girme ka a karatu. Kai dai ka ce tsoro kake ji."

"Alhaji, ni da tsoro?"

"Kai da tsoro. Je ka gida ka kwanta, wurinka na nan."

Na koma gida na kwanta, na riƙe fatawata da hannu biyu. A ganina, muddin ba a ɗebi jinin ba, to jini ne kawai ba ni da shi, kamar yadda Ma Fanta ta ce.

Zaman gidan ne ya sa na ga abin da ban gani ba da ina fita. Balki ta canza. Yarinyar da ke da kumatu kamar fanke ta zama sai ido. Kuka take yi siriri, ba ƙarfi, kamar 'yar kyanwa. Zanenta kullum a kan igiya, zawo ba ya tsayawa. Na ga Ramatu tana ba ta wani abu fari da cokali, na ɗauka koko ne.

Wata azahar, gidan ya yi tsit, kowa ya shige ɗaki saboda rana, na lallaba zan zaga. A bayan makewayi na ga Ramatu a durƙushe, ta juya baya. Ta buɗe ƙirji tana tatsar nononta da hannu a cikin kwata. Farin yana bin baƙin ruwan kwatar yana tafiya.

"Ramatu! Me nake gani haka?"

Ba ta firgita ba. Ta ja zane ta rufe, ta ce, "Ciwo yake mini in ya cika, Malam."

"To ki ba yarinya mana!"

"Ba zan ba ta ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ƙara wa ɗamararka huda ta biyu."

Sai ta gaya mini. Ta ji abin da rediyo ya ce. Ta yi lissafin da ni na ƙi yi: in yana jikina, yana jikinta, in yana jikinta, yana cikin nonon. Ba ta da wanda za ta tambaya ba tare da zancen ya zagaya Adjamé ba, sai ta yi gwajin da ta ga kakarta tana yi a ƙauye idan ana shakkar nonon mai jego. Ta tatsa a murfin kwano, ta kama kiyashi ta jefa a ciki. Idan ya fita, nono lafiya. Idan ya mutu, nono ya ɓaci.

"Ya mutu, Malam. Na sake sa wani, shi ma ya mutu."

Yau ina iya cewa, wane kiyashi ne za a jefa a tafki ya yi iyo da azumi a bakinsa? Ranar ban ce haka ba. Irin madarar gwangwanin nan da ake haɗa mini magani da ita, ita take samowa ta dama da ruwan famfo ta ɗura wa yarinya. Kuma ruwan famfon, in ya ɗauke ya dawo, ja yake zuwa.

"Ban tambaye ka inda ka samo shi ba," ta ce, "kuma ba zan tambaya ba. Ni da kai abin da Allah ya yi ya yi. Amma yarinyar nan ba da hannuna ba."

Na shiga ɗaki na ɗauki Balki. Maɗigar kanta ta faɗa ciki. Na ja fatar cikinta, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Nauyinta a hannuna ya tuna mini makarar Sule.

Washegari sama ta fashe. Ruwan farko na shekara, wanda aka yi wata ana jira, ya zaɓi safiyar da za mu likita. Kafin mu kai Indénié hanya ta zama kogi, motoci sun tsaya cak, tebura da kwandunan 'yan kasuwa suna yawo a kan ruwa. Muka sauka daga bas. Ramatu ta goya yarinya ta rufa mata leda, ta tattare zane, ta shiga ruwan har cinya. Ni Kamiyo, mai buhu biyu, ina bayanta riƙe da gefen mayafinta kamar makaho. Ruwa yana dukan fuskata, ina ga ruwa ko'ina, sama da ƙasa, harshena a bushe, ina damtse baki kada ɗigo ya shiga ya karya mini azumi. Wani mai kura ya tausaya ya ɗora ni a kan buhunan gawayi ya fitar da ni tudu. Da ƙyar muka samu motar da ta haye da mu Treichville.

Dispansar ɗin ƙarami ne, benci biyu da rumfar kwano. Likitar wata 'yar gajeruwar mace ce mai tabarau, ba na jin ta kai kafaɗata. Tana ganin Balki ta bar ni tsaye, ta karɓe ta, ta kira ma'aikaciya, aka shiga ba ta wani ruwa da cokali, kaɗan-kaɗan. Sai da ta ga yarinya ta haɗiya sannan ta juyo kaina.

"Kai kuma fa?"

Na tattaro Faransancin aji uku. "Madam, fatige."

"Kowa da ke kan bencin can fatige ne," ta ce. Tana jin Julanci, ni ma ina ji, da shi muka ƙarasa. "Wancan zazzaɓin sauro ne, waccan jininta ya yi ƙasa saboda haihuwa, wani tari ne, wani tsutsar ciki, wani ba ya barci, wani kuma tunani ne ya cinye shi. Gajiyar iri ɗaya, abin da ke ƙarƙashinta daban-daban. Zauna mu nemo naka."

Ta ja fatar idona, daidai yadda Ma Fanta ta yi, ta ce jinina lafiya lau, ya ishi mutum biyu. Ta lalubi wuyana da hammatana. Ta sa abin sauraro a bayana ta ce in yi numfashi. Kana tari? A'a. Zazzaɓi? A'a. Zufa da dare? Madam, a garin nan wa ba ya zufa? Zawo? A'a. Kana cin abinci? Kamar fara. Ruwa fa?

Nan na buɗe baki. Na faɗi bokiti, na faɗi hanyar makewayi, na faɗi hazon ido, na nuna ƙurjin ƙafa. Ganin dai mutuwa zan yi, na ce bari in faɗi har da kiyashin. Na yi ƙasa da murya na ce, "Madam, 'yan kabari ma sun fara bina."

Ta ajiye alƙalami. Ta miƙo mini ɗan kwalba ta nuna mini bayan gida. Da na kawo ta tsoma wani ɗan tsinke a ciki, ya rikiɗe nan take. Ta soki yatsana ta ɗiga jini a wani, ta duba, ta sake dubawa.

"Me kake sha in an sha ruwa?"

Na zayyana mata maganin ƙarin jini, da alfahari, har da yadda ake kaɗawa. Na ƙara da bisap ɗin Tanti Akisi da zumar Alhaji. Ta cire tabarau ta riƙe kai. Ta ƙwala wa ma'aikaciyar kira ta ce zo ki ji, ta sa na maimaita daga farko.

"Malam, ciwon sukari gare ka. Jininka ya zama siro, ruwan sukari zalla. Kiyashin nan ba kabari suke nema ba, sukari suke sha. Kuma maƙwabtanka, saboda ƙaunar da suke maka, saura kaɗan su kashe ka."

Ta cika kofi da ruwa ta dire a gabana. Rana tsaka, watan azumi. Na ce Madam, da sauran lokaci. Ta ce in ban sha ba yanzu, ba lallai in ga magariba ba. Na dubi Ramatu. Ramatu ta ce, "Sha, Malam, Allah ya san da kai." Na sha ina kuka, ban san ko na daɗin ruwan ba ne ko na kunya.

Amma ban bari murna ta ɗauke ni ba. Na ce, "Madam, to abin nan fa?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce samun ɗaya ba ya hana samun ɗayan, kuma ba za ta rantse a kan abin da ba ta auna ba. Za ta ɗebi jinina da na Ramatu a kai babban asibiti, mu dawo jajibirin sallah. Da ta ji labarin nono da kiyashi kuwa, faɗa ta yi sosai. Ta ce ruwan famfon nan zai kashe yarinya tun kafin wani ciwo ya same ta, a mayar da ita nono yau ɗin nan.

Ramatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai na ji sakamako da kunnena."

Likita ta yi lallashi, ta yi tsawa, ni ma na sa baki. Wanda bai san Ramatu ba ne zai ci gaba. A ƙarshe aka koya mata tafasa ruwa da wanke cokali, aka ba ta garin da ake damawa na gishiri da sukari, aka ce ta ci gaba da tatsa kada ya ƙafe. Sukarin da aka hana uba, shi aka rubuta wa 'ya.

Sun riƙe ni kwana biyu da ƙarin ruwa da allurai, sannan na koma gida da ƙwayoyi da dokoki. Ma Fanta da ta ji bayani ta ɗaure fuska.

"Wato ni ce na kashe ka, Amisu?"

"Ma, ai ban mutu ba."

"Wannan 'yar likitar, shekararta nawa? Tun ba a haife ta ba nake ƙara wa mutane jini."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Rana ta huɗu ta aiko mini da miyar ganye mai ɗaci, ta ce a gaya mini in wannan ma kisa ne in faɗa.

Kwanakin nan na jira ba na fatan su ga maƙiyi. Ƙishirwa ta ragu, ido ya fara washewa, kiyashi suka watse suka bar ni. Amma Sule ma ya taɓa samun sauƙi har ya koma tuƙi, kowa a gidan ya tuna. Har yanzu daga sama ake tsiyayo mini ruwa. Ruwan sama ya zauna, ɗaki ya yi sanyi da warin danshi, zannuwan Balki suka ƙi bushewa. Zawon ya lafa, amma ba ta ƙaru ba, tana kwance tana bin mu da ido. Abin da Ramatu ke tatsa kuma kullum raguwa yake. Da yana tsartuwa, ya koma ɗiga. Ina jin tela na gidan gaba yana ta ɗinkin sallah, ni kuwa ina kwance ina auna farin yadi a raina, nawa zai ishi babba, nawa zai ishi ƙarama.

Jajibirin sallah muka koma. Gari ya cika, ana ta sayen kaji da takalman yara, mu muna ratsa mutane har muka isa. Likita ta sa muka shiga tare ta rufe ƙofa. Na tuna an ce in labari mugu ne, sai sun ba ka kujera. Ta ce mu zauna. Na ƙi zama.

"Babu," ta ce. "Kai babu, ke ma babu."

Na ce ta sake faɗa da Julanci. Ta faɗa. Na ce da Faransanci ma. Ta faɗa, tana dariya. Na juya in yi wa Ramatu magana, na ga ba ta wurin.

A bencin waje na same ta, ƙarƙashin rumfar kwano, cikin marasa lafiya, maza da mata. Matar da ko a gabana ba ta shayarwa sai ta juya baya, ta kwance goyo ta buɗe ƙirji a gaban kowa. Ta kai wa Balki. Yarinya ta kawar da kai. Ta manta, ko ba ta da ƙarfin kamawa. Ramatu ta matsa da yatsu, ba abin da ya fito. Ta koma ɗaya gefen, ta matsa, ta sake matsawa, har wani ɗan ɗigo ya tsaya a kai, ta shafa mata a leɓe. Likita ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Wata tsohuwa da ke kusa ta daina nishin ciwonta ta zuba ido.

Balki ta lashi leɓe. Ta buɗe baki, ta kama, ta saki. Ta sake kamawa.

Na durƙusa a kan siminti, na kafa ido a maƙogwaronta, ɗan siriri kamar yatsana. Bakin yana motsi, maƙogwaron shiru. Ramatu ta sunkuya har goshinta ya taɓa na yarinyar, na ji tana cewa a hankali, "Ja, Balki. Ja, uwata."

Sai maƙogwaron ya hau, ya sauka.